Malam Arzika Ba Ya Saran Busasshiyar Katanga

Lokacin da Turawa suka sa a fitar da hanya ta cikin unguwar Limawa, magini Malam Arzika na cikin waɗanda aka sa rushe katangu. Sauran magina sara kawai suke yi, ƙura ta turnuƙe, ta sauka kan shanyar dabino da tukwanen mata, ko a jikinsu. Shi kuwa sai ya jiƙa katanga sharkaf, ya aika gida-gida a kwashe shanya, sannan ya ɗaga gatari. Haka yake aiki har tsufansa.

Rannan dogarin da ke tsaron aikin hanyar ya yi ta yi masa faɗan jinkiri. Malam Arzika bai ko ɗago ba, ya ce, "Bature wucewa zai yi kan dokinsa. Ciwon tarin kuwa mu za a bar wa."