Kwat ɗin Kakana

Jiya 'yata tana kallon wani fim a waya, tana share hawaye da bakin zane. Na leƙa. Wai wani yaro ne aka yi masa rasuwa, ga kuma yarinyar da yake so ya kasa yi mata magana. Sai aka busa usur a cikin fim ɗin, ni kuwa na tsinci kaina a ƙauyenmu, bayan Kafanchan, shekarar da kakana ya rasu.

Lokacin tonon citta ne. An baza ta a tsakar gida tana bushewa, in ka shigo sai ka yi atishawa kafin ka yi gaisuwa. Kakana tsohon ma'aikacin reluwe ne. Ya bar aiki tun ba a haife ni ba, amma bai bar kwat ɗinsa da usur ɗinsa ba. In yana son ruwa, usur. In zai kora mu gona, usur, ya ce, "Jirgi zai tashi!"

A wurinmu, in tsoho ya mutu da cikar shekaru, ba kuka kaɗai ake yi ba. Jika kan sa kayansa ya kwaikwaye shi, jama'a su yi dariya, a sallame shi da daɗin rai. Gwaggona ta ce ni zan yi, don tafiyarmu ɗaya.

Na ce ban yarda ba. Ka ga, akwai wata yarinya a kwayar cocinmu, wato ƙungiyar mawaƙa, na daɗe ina sonta, ko sannu ban taɓa iya ce mata ba. Na san za su zo waƙa, har na goge wandona saboda ita. Gwaggo ba ta saurare ni ba. Ta zura mini kwat har gwiwa, ta shafa mini toka a kai, ta tura ni fili.

Da fari kunya kamar ƙasa ta haɗiye ni. Amma da na ja ƙafar hagu irin ɗingishinsa na busa usur, sai matan zumuntar coci suka ajiye tulunan kiɗansu suna riƙe ciki. Fasto ma ya ɓoye fuska a bayan littafin waƙa. Kaina ya kumbura. Na tsaya a ƙofar ɗakin kakata, na yi irin tarinsa, na sake busawa.

Daga ciki muka ji ta ce, "To, to, ga ruwan nan zuwa."

Ta manta ne cewa ya rasu. Nan na ji warin tabarsa a wuyan kwat ɗin, kukan da ban yi ba tun ranar rasuwar ya ƙwace mini. Na gudu bayan rumbu, toka tana gangarowa har haɓata.

Can sai ga yarinyar da ƙwaryar kunu. Ta durƙusa kamar gaban tsoho na gaske.

"Sannu Kaka. Sha, kada jirgi ya tashi ya bar ka."

Kwat ɗin ne ya ba ni ƙarfin hali. Cikin muryar tsohon na ce, "Yarinya, jikan nan nawa yana sonki."

Ta ce, "Kaka, ai na sani. Ka gaya masa ya zo da bakinsa."

Ban je ba. Da na tuɓe kwat, bakina ya sake ɗaurewa. Ta tafi makaranta Kagoro, daga baya ta auri wani malami. Har yau in mun haɗu a kasuwa, ga furfura a kanmu duka, sai ta rusuna ta ce, "Sannu Kaka."

Yanzu jana'iza ta zama ta rumfar haya da lasifika da riguna masu hoton mamaci, na ɗauka kwaikwayon ya mutu. Amma kwanan nan na waiga, na ga ƙaramin jikana a bayana, ya dafa ƙugu yana ɗingishi irin tafiyata. Na miƙe tsam, ina tafiya kamar soja. Shi ma ya miƙe.