Jan Tabon Taswira da Ya Kai Ni New York

Asubar fari muka bar gida, garin Yola bai gama farkawa ba. Masu shayi ne kawai ke hura wuta a bakin titi. Mu biyu ne, ni da abokin aikina da muke koyarwa a sashe ɗaya a jami'a, kuma New York muka nufa, taron masu nazarin duwatsu masu aman wuta. Maiɗakina ta cusa mini kuka da daddawa da yaji a akwati domin yayata da ke zaune can, ta kuma ja mini kunne kada in dawo mata da fuskar da nake yawo da ita tun farkon damina. Gaskiya ta faɗa. Na daɗe rabona da barcin kirki, kuma dalilin yana cikin kwamfutar da na rungume har filin jirgi.

Bari in warware muku, don na san ba kowa ne ya san aikina ba. Akwai wani tsohon dutse mai aman wuta a tsaunukan Kamaru. Tun zamanin da ba wanda ya gani ƙoƙon kansa ya rufta, ya bar wani makeken kwari zagaye da bango, kamar akushi. Ciki akwai ciyawa da ruwa, Fulani makiyaya suna zaune a wurin kaka da kakanni. Na sha zuwa, kuma duk zuwana a rugar Ardonsu nake sauka. Aikina shi ne in ɗauko awon tsayin ƙasa da tauraron ɗan'adam ya yi a shekarun baya, in gwada shi da na yanzu. Inda ƙasa ta ƙara tudu kwamfuta kan shafa ja, inda ta ragu ta shafa shuɗi. Bana sai ga wani jan tabo ya fito a gabashin kwarin, daidai gindin bango. Ƙasar wurin ta kumbura. Bangon da ke sama da tabon kuwa fari fat ya fito, ba awo, saboda tsayinsa da gajimaren da ba ya rabuwa da shi.

Kumburi a cikin irin wannan kwari yana iya zama ba komai ba. Yana kuma iya zama narkakken dutse ne ke tasowa daga ƙarƙashi. Da na samu Ardo a waya ranar kasuwarsu, ya ce mini ƙasa ta tsage a makiyayar gabas, idon ruwansu ma ya ƙaura ya ɓullo wani wuri. Sannan ya ce, "Malam, kai ne mai gani daga sama. Mu tashi ko mu zauna?" Na ce ya ba ni lokaci. In na ce su tashi alhali ba komai, na raba ɗimbin iyalai da makiyayarsu a banza. In na ce su zauna kuma wani abu ya faru, ban san inda zan sa kaina ba. Da wannan tambaya na hau jirgi.

Daga Abuja muka kama babban jirgi, aka sauke mu a hanya muka canja wani. Abokina mutum ne da Allah ya yi wa baiwar barci, ko bel bai gama ɗaurawa ba ya tafi. Ni kuwa na ƙura wa ɗan allon da ke nuna inda jirgi yake ido har muka tsallake teku. A filin jirgin New York wani kare mai sunsuna kaya ya zo ya tsaya cak a kan akwatina. Ma'aikaciyar ta buɗe, warin daddawa ya buge ta, ta ja da baya tana tambaya ko nama ne. Na ce 'ya'yan itace ne da aka dafa aka bari suka kwana biyu. Ta dube ni, ta dubi karen, ta kira wani ya duba, daga baya dai aka rufe mini akwati aka ce in wuce. Dama Yaya ta gargaɗe ni kada in kuskura in ɗauko kilishi, na ga amfanin jin magana.

Mijin Yaya yana tuƙa motar haya a unguwar Jamaica da ke kusa da filin jirgin, shi ya ɗauke mu. Tituna a shimfiɗe, wani bisa wani, amma cunkoso sai ka ce Kano ranar jajibirin salla, illa dai ba mai sauka ya zagi wani. Ganyen itatuwa duk ya rikiɗe, wani ja wani ruwan ɗorawa, sanyi kuma ya fara cizo. Gidansu yana wani dogon titi da ake kira Grand Concourse a Bronx, benaye jere reras har iyakar ganinka. Muna fitowa daga mota na ji wata mata tana yi wa wata ciniki da Hausar Nijar, "lahiya lau" da "hwa" ɗinsu, kusa da su wani Bazongo, wato Bahaushen Gana, yana waya yana kiran matarsa "shi". Abokina ya ce ashe kuɗin jirgi kawai muka ɓata, Sabon Gari aka kawo mu.

Yaya ma'aikaciyar jinya ce a wani asibiti. Tana ganina ta riƙe haɓa. "Auta, wannan rama fa? Ba a ba ka abinci ne?" Na ce aiki ne, Yaya. Ta ce to aikin ya jira a ƙofa. Ta tuƙa tuwon shinkafa, ta kaɗa miya da kukar da na kawo, 'ya'yanta mata suna ci suna yaba mata da Turanci, ita tana amsa musu da Hausa, kowa na jin kowa.

Washegari muka shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa zuwa Manhattan, inda ake taron a wata jami'a. Jirgin layin D ne, yana ƙara yana jijjiga, ba mai kallon wani. Mun tsaya shan shayi a hanya, abokina ya juya kuɗin kofi ɗaya zuwa naira a ransa, sai na ga ya ajiye kofin a hankali kamar wanda aka ba amana. Daga ranar Yaya ta riƙa ɗura mana shayi a filas.

Da layi ya zo kaina na haska taswirata a bango. Na nuna jan tabon, na nuna farin gibin da ke samansa, na gaya musu akwai mutane a wurin. Na shirya wasu kalmomi masu nauyi da zan rufe jawabin da su, amma da na kai ƙarshe sai kawai na ce, "Ban san mene ne wannan ba, shi ya sa na zo." Aka yi mini tambayoyi masu kyau, wani ya ce kuskuren awo ne, wani ya ce a'a, tabon ya yi girma da zama kuskure. Kowa ya kawo nasa, ba wanda ya yanke. Na koma kujerata. Ana tashi cin abinci wata matashiya ta same ni, ta ce tsohuwar malamarta ta shafe rayuwarta kan irin waɗannan kwaruruka, tana kuma da damar samun awon wani tauraro mai amfani da na'urar rada, wanda gajimare ba ya tare masa gani. An yi mata aiki a gwiwa shi ya sa ba ta zo ba. A take ta aika mata da taswirata. Kafin la'asar amsa ta dawo: mu je gidanta ranar Asabar, a tsibirin Staten.

Jiran nan ya yi mini tsawo. Ranar Juma'a muka yi salla a wani masallaci da ke ƙasan bene a Bronx, sahu ya fito har bakin titi. Bayan an idar mijin Yaya ya ja mu wani shagon 'yan Gana muka ci shinkafa da wake da baƙin yajinsu mai kifi. Abokina ya ci har da ƙari. Ni dai na tsakura.

Asabar da hantsi muka gangara ƙarshen Manhattan muka hau jirgin ruwa. Ƙato ne, launin lemo, kuma kyauta ake shiga. Abokina ya tambayi mutum biyu don ya tabbatar, sannan ya ce wannan ne abu na farko da ya gani a garin nan mai tausayin talaka. Iska tana kaɗawa, masu yawon buɗe ido sun yi dafifi a gefe guda suna ɗaukar hoton mutum-mutumin matar nan mai riƙe da tocila, masu zuwa aiki kuwa ko ɗaga kai ba su yi. Muka sauka a tashar St. George da ke tsibirin, muka hau wani titi mai tudu har numfashi ya fara gagarata.

Farfesar dattijuwa ce 'yar ƙarama, gashi fari sol, tana dogara sanda. Ta ce mu bar takalmanmu a ƙafa, muka ce ai mun riga mun cire. Ta zaunar da mu gaban wani babban allon kwamfuta, ta ce tun ranar da aka turo mata take haɗa awon shekaru da dama na kwarin. Ba ta yi dogon sharhi ba. Ta fara nuna mini tsakiyar kwarin. "Duba nan," in ji ta. "Da wuta ce ke tasowa, da duk faɗin nan ya ɗago tare, kamar burodi a tanda. Ka ga ya motsa?" Na duba, na sake dubawa. Bai motsa ba. Sai ta matsa gabas, inda taswirata ta bar fari. A nata allon bangon ya fito sarai, shuɗi tun daga sama har ƙasa. Bangon ne ke zamewa a hankali, damina bayan damina, nauyinsa yana tura ƙasar da ke gindinsa tana tattarewa tana yin tudu. Jan tabona ke nan. Shi ya tsaga makiyaya, shi ya toshe idon ruwa.

Na ce, "Wato ba wuta?"

Ta ce, "A iya abin da awo ya nuna, babu alamarta. Amma waɗanda ke gindin bangon nan su matsa kafin wata damina. Wata rana zai daina tafiya a hankali."

Ban san lokacin da na zame daga kujera na yi sujada a kan dardumar ɗakinta ba. Da na ɗago na tarar abokina yana share ido yana cewa wai iskar teku ce. Dattijuwar ta yi kamar ba ta gani ba, ta ɗingisa ta kawo mana shayi da wani burodi mai tuffa a ciki. Na cinye nawa, na cinye rabin na abokina. Muka zauna har azahar muna zana iyakar inda haɗarin yake, gida-gida, tana tambayata ina rugar wane take, ina shanu ke bi su sha ruwa. Ta kwafe mini duk awon, ta ce in koya wa ɗalibaina yadda ake karanta shi, kada sai an tsallake teku.

A jirgin dawowa ni ne na tsaya a gefe ina ɗaukar hoto kamar baƙauye. Sai a lokacin na lura da dogayen benayen Manhattan da ke fitowa daga cikin ruwa, alhali ta gabansu na wuce da safe. Da muka isa gida Yaya ta dube ni sau ɗaya ta ce, "To, Auta ya dawo." Sauran kwanakin na yi su a yawo. Na taka wata tsohuwar gada da ƙafa, na ɓata a ƙarƙashin ƙasa na fito wata unguwa da ba mai jin Turanci sosai, wani mai sayar da 'ya'yan itace ya nuna mini hanya da hannu ya ƙara mini da ayaba.

Mun sauka Yola da rana tsaka, zafi ya tarbe mu tun daga matakalar jirgi. Na rubuta wa hukumomin yankin bayani na haɗa da taswirar. Ranar kasuwa Ardo ya hau tudun da ake samun layin waya ya kira ni. Na ce, "Baba Ardo, ku zauna. Amma gidajen gindin bangon gabas su koma yamma kafin ruwa ya sauka." Ya ce, "Alhamdulillahi. Innata ta rantse ba za ta bar kwarin nan ba, a nan aka binne mijinta. Na rasa yadda zan yi da ita, Malam." Ya ce masu gidajen gabas ba za su ji daɗi ba, don ciyawarsu ta fi ta kowa, amma zai tara su, kuma yana so in zo da rani in nuna musu da bakina. Na ce in sha Allah.

Aiki bai ƙare ba, tayar da gida ko ɗaya ne ba wasa ba ne. Amma ga abin da na dawo da shi. New York gari ne mai tsada da sauri, ba mai tsayawa ya tambaye ka lafiya, sai dai in ka buɗe baki ka faɗi abin da ke damunka, za ka yi mamakin wanda zai tsaya. Na yi watanni ina ɓoye damuwata don kada a ce malami bai san aikinsa ba. Duk karatuna da shirin da na yi, maganar da ta fi yi mini amfani a tafiyar nan ita ce wadda na fi jin kunyar faɗa a gaban mutane: ban sani ba.