Kare Mai Ƙafa Uku a Gidana

Tunkiyata ce ta kai ni wurin. Ta kwana biyu ba ta tuƙa, cikinta ya kumbura, sai na ja ta zuwa wajen wani likitan dabbobi da ke bayan kara, kasuwar dabbobi, a Jibiya. Lokacin shekarata biyu da ajiye aikin jinya, shekara guda da rasuwar maigidana. 'Ya'yana duk sun yi aure, ni kaɗai ce a gidan, sai tumaki huɗu da kaji.

Likitan yana ɗura wa tunkiyar magani na ji motsi a wata rumfar langalanga da ke bayan ofishinsa. Nan yake ajiye dabbobin da aka kawo masa aka gudu aka bari. Na leƙa. Akwai wani jaki da gyambo a baya, can lungu kuma wani jan kare yana kwance kan buhu, ƙasusuwan haƙarƙarinsa duk a waje. Da ya gan ni ya yunƙura zai tashi, ya kife da haɓa. Sai a nan na lura ƙafarsa ta gaba ta dama babu, tun daga kafaɗa.

Na ce, "Likita, mi ya same shi?"

Ya ce a Magama ne, inda manyan motoci ke layi kafin su tsallaka iyaka. Karen ya shiga inuwar wata tirela ya kwanta, motar ta motsa. Wani direba ɗan Maraɗi da ke bayanta ne ya naɗe shi a bargonsa ya kawo shi kan mashin, ya tsaya har aka yanke ƙafar, sannan ya koma ga motarsa. Wata biyu ke nan. Mafarauta sun zo sun duba, sun yi dariya sun tafi.

"Ƙarshen wata zan bar garin nan, Hajiya," in ji likitan. "Idan ba wanda ya ɗauke shi, allura zan yi masa ya huta."

Na durƙusa na duba dungun. Shekara talatin na yi ina wanke ciwon mutane, na san ciwon da zai warke da wanda ba zai warke ba. Wannan mai warkewa ne, kulawa kawai ya rasa. Na ce a ba ni shi.

Likitan bai yi saurin yarda ba. Ya zaunar da ni ya lissafa mini: sai an yi masa allurar haukan kare, ba zai iya tsare gida ba, ba zai iya gudu ba, kuma kada a bari ya yi ƙiba don ƙafa ɗaya ce ke ɗauke da gabansa. Sannan ya ce, "Mutane fa, Hajiya?"

Na ce, "Mutane ba su ke ciyar da ni ba."

'Yan acaɓa uku na tsayar, duk wanda ya ga abin da zan ɗauka sai ya ja mashin ɗinsa. Na ari baro wajen masu dakon hatsi, na shimfiɗa buhu, likita ya ɗora mini karen. Na ɗaura igiyar tunkiya a hannun baron na tura. Ranar kasuwa ce. Na bi ta gaban 'yan hatsi, na bi ta gaban masu sayar da fetur a galan, ko'ina sai hira ta tsaya. Wani mai shayi ya ce, "Hajiya, mara lafiyan naki ne wannan?" Na ce, "Shi ne, ka yi masa sannu." Akwai lungun da zan iya bi in ɓace wa idon jama'a, ban bi ba.

A bayan ɗakina akwai 'yar garka inda nake shuka yakuwa da kuɓewa. Nan na kafa masa rumfa. Satin farko na sha wuya. Idan ya sunkuya zai ci abinci sai ya faɗa cikin kwanon, sai na kife wani tsohon turmi na ɗora kwanon a kai. Siminti yana zame masa, na bi hanyarsa da tsofaffin buhuna. Safe da yamma ina wanke dungun da ruwan gishiri in shafa aidin, in cire masa kaska. Wani lokaci sai ya zabura yana kuka, yana lasar iska daidai inda ƙafar take a da. Na taɓa ganin haka ga wani manomi da aka yanke wa hannu, yana rantsuwa yatsunsa na masa ƙaiƙayi. Sai in dafa kafaɗar da tafin hannuna har ya lafa. In na gama in wanke hannuna da sabulu, in canza zane, in yi alwalata.

Matan unguwa da ke zuwa in auna musu jini suka ɗauke ƙafa. Maƙwabciyata da muke musayar kwanon tuwo shekara ashirin ta dawo mini da kwanona a rufe, ba a taɓa ba. Wannan ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye ba. Na zauna na ci tuwon, ragowar na kai wa karen.

A sati na uku wan maigidana ya zo. Tun rasuwar ƙanensa yake jin shi ne mai faɗa a gidan. Ya ƙi zama kan tabarmar da na shimfiɗa, ya tsaya a bakin zaure.

"Wanga abu da nike ji gaskiya ne? Kare cikin gidan ƙanena?"

"Gaskiya ne, Yaya. Yana garka, in za ka gan shi."

"Ko mai amfani ne ma da sauƙi. Gurgu. Mi zai tsare miki?"

"Ba ya tsare komi. Ni ke tsaronsa."

Ya ce in fitar da shi kafin Juma'a, ko ya sa a zo a fitar. Na ce, "Yaya, ina ganin girmanka, kuma ba zan daina ba. Amma da albashina aka yi rufin ɗakin can, ka sani. Duk wanda ya shigo gidan nan ya taɓa dabbata, ni da shi sai gaban hukuma."

Ƙarata ya kai wa mai unguwa. Aka kira ni, na sa hijabina na je. Na tarar da liman da dattawa huɗu a zaure. Wan maigidana ya yi magana mai tsawo kan tsarki da mutuncin gida, da abin da za a ce game da zuri'arsu. Da aka ba ni dama na ce, "Ranka ya daɗe, karen ba ya shiga ɗakina, ba ya kusantar inda nake salla, kwanonsa daban, ba ya fita titi, ga takardar allurarsa. Wanda ya ciza ko ya razana ya tashi ya faɗa." Ba wanda ya tashi. Na juya wajen liman na ce, "Allah gafarta Malam, in na jefar da shi bakin kasuwa ya mutu da yunwa, wa za a tambaya ranar gobe, ni ko Yaya?"

Liman ya daɗe yana jan casbi. Ya ce shi dai ba zai shawarci kowa da ajiye kare haka kawai ba, amma tunda na riga na ɗauka, kuma ga tumaki a gidan, haƙƙinsa yana wuyana, ba zai ce in wulaƙanta shi ba. Mai unguwa ya yanke cewa karen ya zauna a garka, kada a gan shi waje. Na ce na ji, da ma can yake.

Wan maigidana bai sake shan ruwa a gidana ba. Muna gaisawa a wurin biki da ta'aziyya, iyakarta ke nan. Matan unguwa wasu sun dawo da awon jini, suna shigowa suna tattare zane, wasu har yau ba su dawo ba. Ban bi kowa da ban haƙuri ba.

Karen ya warke. Ya koyi sa ƙafar gaban a tsakiyar ƙirjinsa, yana tafiya da tsalle-tsalle, kansa na sama da ƙasa. Bai taɓa kama ɓarawo ba, ko ɓera bai taɓa kamawa ba. Idan tirela ta wuce kan titi har yanzu sai ya cusa kai ƙarƙashin rumbu yana rawar jiki. Shekara uku ke nan, kuma ƙafar gaban da ta rage ta fara gajiya, da safe sai na gasa masa ita da ruwan ɗumi kafin ya miƙe.

A watan jiya babbar 'yata ta bugo waya daga Katsina. Ta ce saboda halin rashin tsaro da hanyoyinmu ke ciki, mijinta ya gyara mini ɗaki, in tattara in koma wurinsu. Tumakin a sayar, karen kuma a ba wani.

Na ce, "Wa?"

Ta ce, "Inna, saboda kare za ki ƙi mu?"

Na ce ban ƙi su ba. Ta tambayi mijin nata ko akwai fili a bayan gidansu da za a kafa rumfa. In akwai, su turo mota mai buɗaɗɗen baya. In babu, ina nan Jibiya, su zo mini da jikokina hutun makaranta. Ta ce za ta yi masa magana. Har yau ba ta sake tayar da zancen ba, ni ma ban tambaya ba.