Littafin da Bai Dawo Ba

A shekarun da layin gidan waya ke kaiwa bakin titi, unguwar nan cike take da masu rubuta wa mutane wasiƙa a gindin bishiyoyi. Yau an sare bishiyoyin, ma'aikaci ɗaya ya rage a bayan kantar gidan wayar.

Duk Talata yana ganin wata dattijuwa. Doguwa ce, ta ɗan ranƙwafa, tabarau ɗinta ɗaure da zare. Yana zaton koyarwa ta yi a da. Takan buɗe akwatinta na wasiƙu, ta zura hannu har ƙurya, ko da yake ido ya riga ya shaida mata babu komai.

Abin da ya sani kaɗan ne. A wani zaman marubuta na mako biyu ta yi ƙawa, shekara goma sha tara da suka wuce. Tun daga nan suke rubuta labari ɗaya a littafi ɗaya: wannan ta yi shafi uku ta aika, waccan ta ɗora ta mayar. A bayan ambulan na ƙarshe ya lura rubutun ƙawar ya fara karkacewa. Wata biyar ke nan shiru.

"Mama, ki buga mata waya mana."

"Ɗan nan, in na buga, ka san wa zai ɗauka?" Ta gyara tabarau. "Akwati dai bai taɓa yi mini ta'aziyya ba."

Ta miƙa masa sabuwar wasiƙa, ya buga hatimi. Littafin yana hannun ƙawar, kuma ba a rubuta babin ƙarshe ba.