Numfashin Ladanin Unguwarmu

Ɗan farina ne, don haka ban taɓa kama sunansa ba, "kai" nake ce masa. Yabo kuwa ko a bayan idonsa. Haka muka taras a cikin birni.

Gidanmu katanga ɗaya ce da masallacin unguwa. Da tsufa ya ci ƙarfin ladani, sai aka miƙa wa yaron lasifika, yana ɗan shekara goma sha tara. Ni kuma ɗinkin hula nake yi a tsakar gida. In ya ja "Hayya alal falah" a kiran La'asar, allurata takan shiga ta fita sau goma sha biyu kafin numfashinsa ya ƙare. Ba wanda ya san ina ƙirgawa.

Sai lissafin ya koma tara. Ya koma shida. Ran nan numfashin ya tsinke a tsakiya, tari ya fito ta lasifika, har kajina suka firgita. Dama na lura da kanumfarin da yake taunawa in ya dawo daga Ƙofar Doka, da 'yar ƙunar da ke bakin aljihunsa. Washegari liman ya ce in muryar ba ta gyaru ba, za a ba wani.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na tare shi a zaure.

"Kai, sigarin da kake ɓoye mini, jiya unguwa guda ta ji shi. Kawunka ma haka ya fara. Ni na riƙa wanke tsumman da yake tofa jini a ciki har muka rasa shi. Ba zan wanke naka ba."

Bai ɗago kai ba. "Inna, na sha gwada bari, na kasa."

"Sake gwadawa."

Ya sha wuya. Ga ciwon kai, ga faɗa da ƙannensa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Asuwaki ya tauna kamar akuya. Sau ɗaya ya koma wa sigarin, shi da kansa ya zo ya faɗa mini.

Bayan wata biyar, wata La'asar, na ƙirga goma sha uku. Alfahari ya cika ni. Maƙwabciyata ta leƙo ta katanga.

"Hajiya, kin ji muryar ɗanki kuwa?"

"Wa? Oho, ban kula ba," na ce.

Na sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan hular mutane.