Ranar da Bagobiri Ya Kwashe Turaren Alhaji

Cikin duk tarurrukan da na zauna a wurin aiki, wanda ban taɓa mantawa da shi ba shi ne na wata Litinin da damina, a tsakiyar shekarun alif ɗari tara da tamanin, bayan sallar asuba, a tsakar gidan burodin da nake yi wa aiki a unguwar Nima. Waɗanda suka halarta su ne mai gidan, Alhaji Hamani, shugaban matoya, Baba Fuseni, ma'aikatan tanderu, sai ni, akawun gidan. Akwai kuma baƙo ɗaya, Nomau mai shayi, wanda ni na gayyato shi. Kafin in zo kan abin da ya yi, sai na bayyana muku yadda gidan yake tafiya.

Tanderu biyu gare mu, muna yin burodin bota da na sukari da na shayi. Aikina shi ne karɓar fulawa a sito, raba burodi ga masu sari, da sauraron kokensu. Babbar mai sarinmu ita ce Anti Dede, 'yar ƙabilar Ga, wadda ke da mata masu talla daga unguwar Kokomlemle har ta Adabraka. Kusan duk abin da tanderu na biyu ya fitar ita ke ɗauka.

A farkon wannan shekarar Alhaji ya halarci wata bita da aka shirya wa masu ƙananan masana'antu, ya dawo da kalma ɗaya a bakinsa: inganci. Ya kafa mana dokoki biyu. Ta farko, kullum da safe za a kawo masa burodi ɗaya daga fitar farko, ya danna da babban yatsa, ya kai hanci, ya gutsura, sannan ya yanke hukunci. Ta biyu, kowace Litinin za a zauna, kowa ya faɗi aibin da ya gani a aiki ba tare da tsoro ba. Dokokin ba su da laifi. Sai dai a Zongo, wato unguwanninmu na 'yan arewa, babba ke fara magana. Baba Fuseni zai miƙe, ya gyara hula, ya ce, “Alhamdulillahi, Alhaji, aiki lafiya.” Daga nan duk wanda ya ce ba lafiya ba, ya ƙaryata mai furfura a gaban mai gida. Saboda haka alhamdulillahi ke zagaya da'ira daga babba zuwa ƙarami, a shafa fatiha, a tashi. Alhaji yakan ce bai taɓa ganin masana'antar da ba ta da matsala kamar tasa ba.

Ban da burodi, Alhaji yana da shagon turare a unguwar Maamobi. Da ruwa ya sauka, rufin shagon ya fara yoyo, sai ya ba da umarni a kwaso kwalayen turaren a ajiye a siton fulawa, wai na kwana biyu. Wasu kwalabe sun tsage a hanya. Ga waɗanda ba su san sana'ar ba, fulawa tana shan ƙamshin duk abin da aka ajiye kusa da ita, kuma wuta ba ta fitar da shi. Ba a jima ba burodinmu ya fara ƙamshin masallaci ranar Juma'a.

Kowa a gidan ya ji, sai mutum ɗaya. Alhaji yana shafa wannan turaren a gemu, da hula, da hankici, da bayan kunne. Kafin ya shawo kwanar lungu mun san ya taho. Hancinsa ya daɗe da daina sanar da shi komai game da turaren. Kullum zai danna burodi, ya shinshina, ya gutsura, ya ce, “Madalla.”

Wata Laraba Anti Dede ta zo da kanta, ba aike ba, ta dire mini tiren burodin jiya a kan tebur.

Ta ce, “Akawu, ka gaya ma Alhaji, burodi nan ya na wari amarya. Mutane na sun ce in sun ci, kaman sun lashe wuyan riga shi. Ni na ba ku har Juma'a na sati mai zuwa. In bai gyaru, na tafi unguwa Madina, akwai burodi can.”

In ta tafi, tanderu na biyu ya mutu, ma'aikatansa kuma su koma gida. Wannan ba ya buƙatar lissafi.

A tsarin gidan, akawu ba ya kai wa Alhaji mummunan labari kai tsaye, balle labarin da Alhaji ne sanadinsa. Sai ta hannun Baba Fuseni. Na same shi na faɗa masa maganar kamar yadda aka faɗa mini, ban rage ko wasali ba. Maganar ta dame shi, domin yawancin yaran tanderu na biyu shi ya kawo su daga arewa. Ya ce in bar masa.

Ina tsaye a bakin ƙofa lokacin da ya isar da saƙon. Ya gaida Alhaji, ya gaida iyali, ya tambayi lafiyar 'yan'uwan da ke ƙasar Nijar ɗaya bayan ɗaya, ya yi maganar ruwa da yadda kwata ta cika. Da ya iso kan maganar, ga abin da ya rage daga cikinta: “Anti Dede ta na gaishe ka, Alhaji. Ta yi magana turare ka ma. Ta ce har Kokomlemle an san shi.”

Alhaji ya ji daɗi ƙwarai. Ya ce bai san matar tana da hanci haka ba. Ya shiga sito da kansa, ya zaɓo kwalba ɗaya, ya ce in kai mata kyauta.

Na kai. Ta dubi kwalbar, ta dube ni, ta ce, “Wannan na shafa ma ni, ko na ƙara ma burodi?” Ta karɓa dai, amma ta maimaita mini Juma'a.

A kan hanyar dawowa, cikin trotro, ƙaramar motar haya, dabara ta faɗo mini. Alhaji Bazabarme ne. Nomau, wanda ke da teburin shayi a bakin babbar hanyar Nima kuma yake sarin burodinmu, Bagobiri ne. Kamar yadda kuka sani, Gobirawa da Zabarmawa abokan wasa ne: kowanne yana kiran ɗan'uwansa bawansa, kuma duk abin da ya faɗa masa ba a fushi, ko a gaban wa ya faɗa. Ke nan a duk Nima akwai mutumin da zai iya duban idon Alhaji ya ce burodinsa ya lalace. Na je na yi wa Nomau bayani. Ya ce ai shi ma abin ya ishe shi, ya daɗe yana neman dalilin zagin Hamani da sassafe.

To, mun dawo ranar Litinin. Alhamdulillahi ta gama zagayenta ke nan, sai muka ji murya daga ƙofar gida.

“Ina bawana? Hamani, taso ka gaida ubangidanka!”

Alhaji ya washe baki, ya ce, “Wa ya bar Bagobiri ya shigo mini gida? Ku ɓoye tukwane!”

Nomau ya zauna a kan kujerar Alhaji ta biyu, wadda ba mai zama a kai. Ya zaro burodi daga aljihun riga, ya ajiye a tsakiya.

Ya ce, “Wanga burodi naka ba ya ciyuwa. Turaren da ka aje cikin sito shi ya shiga fulawa. Jiya wani direba ya tsoma shi cikin shayi, ya ce in ba shi ruwa ya kurkure baki, wai kamar ya tauna hankicin liman. Matar Ga za ta bar ka ran Juma'a, tanderunka guda ya mutu, ɗiyan mutane su rasa aiki. Ka fidda kwalayen nan yau.”

Ban taɓa jin rahoto mai tsari kamar wannan ba. Ga matsala, ga sanadi, ga wa'adi, ga magani, duk cikin numfashi kaɗan. Na sauke ajiyar zuciya.

Alhaji ya dubi burodin, ya dubi Nomau. Sannan ya fashe da dariya, har hularsa ta faɗo a cinya. Ya riƙe ciki, yana nuna Nomau da yatsa.

“Kun ji! Hankicin liman! Wallahi Bagobiri ba ya rasa abin faɗa. Mutumin da ya taso cikin hayaƙin kashin shanu, yau shi zai koya mini ƙamshi!” Ya share hawaye, ya juya. “Fuseni, ka ji abin da ya ce. Akwai haka?”

Duk muka dubi Baba Fuseni. Ya miƙe. Ya gyara hula. Ya buɗe baki, ya rufe, ya sake buɗewa.

“Alhamdulillahi, Alhaji.”

“To, ka ji!” in ji Alhaji, ya miƙa wa Nomau goro.

A nan na ga ramin da ke cikin dabarata. Mutumin da aka yarje masa ya faɗi komai, shi ne mutumin da ba a ɗaukar komai nasa da gaske.

Nomau ya dube ni, na dubi ƙasa. Ya ɓare goron, ya tauna a hankali. Sannan ya miƙe, ya nufi sito, ya tura ƙofa, ya tsaya yana girgiza kai.

“Ashe haka ne! Bawa ya tara dukiya bai gaya ma ubangidansa ba. To, abin bawa na mai shi ne. Na karɓe!”

Ya leƙa titi ya kira 'yan dako biyu da amalankensu. Wasan ya yarda da wannan: abokin wasa yana iya ƙwace maka hula ko takalmi ko akuya, sai ka je ka fanso. Ban dai taɓa jin an ƙwace shago guda ba.

Alhaji yana dariya yana ihu, “Ɓarawo! Ku kama shi! Ɓarawo ido na ganin ido!” Amma bai tashi daga kujera ba, domin Bazabarmen da ya hana Bagobiri da ƙarfi ya nuna wa duniya cewa wasa ya fi ƙarfinsa.

Wanda ya fara tashi shi ne Baba Fuseni. Ya ce, “Alhaji, bari na riƙe masu, kar kwalba ya fashe.” Mutumin da ke kukan ciwon baya tun da na san shi, ya ɗauki kwali biyu a haɗe. Da yara suka ga babba ya ɗauka, kowa ya ɗauka. Ni ma na cire agogo na sa hannu. Kafin rana ta haska katanga sito ya zama sai fulawa, amalanke kuma ta gangara, Nomau yana tafe a gaba kamar wanda ya ciwo yaƙi.

Da Alhaji ya tafi Maamobi muka buɗe tagogi, muka wanke sito da ruwan zafi, muka ware buhunan da suka sha turare. Wani mai kiwon awaki ya saye su yana haɗawa da dusa, kuma an ce har ƙarshen damina bunsurunsa ne kaɗai a unguwar da ba a toshe wa hanci. Sabuwar fulawa ta iso a tsakiyar mako.

Ranar Juma'a Anti Dede ta zo. Ta raba burodi biyu, ta cusa hanci a ciki, ta daɗe. Ta ce, “Yoo. Yanzu ya na wari burodi.” Ta sa matanta suka ɗauki kayansu kamar kullum. Tanderu na biyu bai mutu ba.

Na roƙi Nomau kada ya yarda a fanshi kayan sai an gyara rufin shago. Ya cika alkawari. Sau uku Alhaji yana zuwa da goro, Nomau yana mayar da shi, wai bawa bai iya durƙuso ba. A na huɗu, bayan an buga sabon kwano, ya karɓi ƙwaryar goro da zakara. Kafin nan sukarin Nomau da ganyen shayinsa sun ɗauki ƙamshi, kuma ni yake tarewa a hanya yana yi wa faɗa.

Mun daɗe muna gardama da Baba Fuseni a kan ko Alhaji ya gane. Shi ra'ayinsa, Alhaji ya gane tun daga kalmar farko, dariyar nan kuwa hanya ce ta karɓar gyara ba tare da ya sunkuya a gaban yaransa ba. Ni na ce ban ga shaida ba. Abin da na gani shi ne, a Litinin ta gaba Alhaji ya danna burodi, ya shinshina, ya ce “Madalla” da irin muryar da ya saba, sannan ya shaida mana cewa zai ba sauran masu gidajen burodi shawara su kafa irin taronmu, domin shi ne sirrin da ya sa ba mu taɓa samun koke ba.

Ga abin da na ɗauka daga wannan lamari, ku da kuke shigowa aiki yanzu. Kafa taro ba shi ne buɗe baki ba. Kafin ku ce kowa ya faɗi gaskiya, ku duba wa ke fara magana, da abin da maganarsa ke rufewa. Ku kuma rarrabe gyaran kaya da gyaran gida: mun gyara burodi cikin mako guda, amma hanyar da labari ke bi daga teburina zuwa kunnen Alhaji tana nan yadda take, tana karɓar wuta tana isar da ruwan sanyi. Mutanen gidan nan ba maƙaryata ba ne, kuma ba ragwaye ba. Ladabi ne ya yi musu yawa har ya rasa ta inda zai fita.

Da damina ta zagayo, Alhaji ya shiga harkar sabulun wanki. Motar farko ta iso ranar Asabar, ya ce a sauke a siton fulawa, na kwana biyu. Baba Fuseni ya ce alhamdulillahi. Ni kuwa na saka takalmina na tafi teburin Nomau.