Ɗigon Fentin Yaya Sule

Bana shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar yayana Sule, Allah ya jiƙansa. Duk shekara nakan rubuta masa 'yan layuka a wannan shafi cikin alfahari. Na bana da kunya nake rubutawa.

Ya yi rayuwar aikinsa a kamfanin harhaɗa motoci, a sashen gwajin ƙarfe. Shi ke ja da lanƙwasa samfurin ƙarfe a na'ura har ya karye, don a san iyakar ƙarfinsa kafin a ɗora rayukan mutane a kai. Suna da wata al'ada a can: duk notin da aka duba aka tabbatar da ɗaurinsa, sai a ɗiga masa fenti ruwan ɗorawa. Da ya yi ritaya ya dawo Kura, da al'adar ya dawo. Ya buɗe wurin walda, yana ƙera bodin babura masu ƙafa uku da ke kwaso tumatir da albasa daga gonakin rani. Mutum ne mai taurin kai. Sai ka yini kana jira, ya ƙwanƙwasa nan, ya leƙa can, ya ce a sake. Amma har Bunkure an san ɗigon nan, manomi kan sunkuya ya nemo shi kafin ya saya.

Bayan rasuwarsa ɗana Auwalu ne ya ci gaba da wurin. Ɗigon bai taɓa yankewa ba, ni kuwa ina ta yabon yaro ya riƙe gadon baffansa. Ashe da zarar an gama fesa fenti ake bin notuna ana ɗiga musu, kamar yadda ake sa wa amarya lalle.

Watan jiya wani bodi da ya fito daga wurinmu ya rabu da ƙafafunsa a kan gadar kanal, magudanar ruwan noman rani. Kwandunan tumatir suka bi ruwa, direban, magidanci mai 'ya'ya, ya karye a cinya. Mai kayan, Maman Rifkatu, 'yar Filato ce da ta daɗe tana sarin tumatir a nan, tun zamanin Yaya take hulɗa da mu. Ta zo har ƙofar gida ta miƙo mini guntun notin da ya karye a bodin, ɗigon na nan raɗau a kansa. Ba ta ɗaga murya ba.

"Baba, ni na zaci dubawar kuka gada," in ji ta. "Ashe fentin ne."

Na rasa inda zan sa idona. Na sha tambayar kaina me Yaya zai ce da ƙarfen yau, mai kauri a ido, mai laushi a hannu. Ina jin ba zai tsaya kan ƙarfen ba, don shi ƙarfe bai yi wa kowa alkawari ba. Mu muka yi, da sunansa.

Direban yana kwance har yanzu, muna zuwa dubiya. Na ɗauke gwangwanin fentin daga shago na kai ɗakina. Auwalu ya biyo ni yana cewa masu saye za su tambayi ɗigon.

Na ce, "Ka gaya musu mai dubawa ya rasu, mu kuma ba mu koya ba tukuna."

Shekaranjiya bodi na farko ya fita ba ɗigo. Tun da muka binne Yaya Sule, shi ne aikin farko da ya bar shagonsa bai yi masa ƙarya ba.